Wa Ya Ce Na Warke?

"Barka da warkewa, 'yata! Barka, barka!"

Cokalin da na ɗauka ya tsaya cak a hannuna.

Na ɗago na dubi Mama, mahaifiyar saurayina. Matar da wata shida ba ta amsa gaisuwata sai da ka, yau ga ta tana murmushi har kunne.

"Na'am, Mama?"

"Na ce barka! Tun ranar da ya zo ya ce likitoci sun sallame ki, ciwon ya tafi gaba ɗaya, bakina ya ƙi rufuwa. Shi ya sa na shiga kicin da kaina. Ci, 'yata, ki rama abin da kika rasa!"

Na juya wajen saurayin nawa, Mai Sanyi. Haka nake kiransa, don gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa. Mutumin da ko ƙiftawa ba ya yi in yana kallona, yau fankar sama ya ƙura wa ido, sai ka ce ita aka kira shi ya duba.

Na dubi farantin. Shinkafa ce da wake, barkono ya yi ja a kai. Ga soyayyen nama yana ɗigar mai, ga ɗanyen kabeji an barbaɗe shi da gyaɗa. Da a ce wani ya zauna ya rubuta jerin abin da zai kwantar da ni, da bai fi haka iyawa ba.

Shekarata biyar da ciwon Crohn. Garkuwar jikina ce ta juya tana yaƙar hanjina, ya kumbura, ya yi gyambo, har wani wuri ya tsuke. Ba a ɗaukarsa a jikin wani, ba kuma a warkewa. Yakan kwanta, yakan tashi. Wata takwas ke nan yana kwance, amma ko a kwancen nan likita ya hana ni wake, gyaɗa da ɗanyen ganye, don suna iya toshe wurin da ya tsuke.

Duk wannan Mai Sanyi ya san shi kamar sunansa.

Ya ɗan karkato, leɓensa kawai ke motsi.

"Don Allah, rabin raina... ko cokali biyu."

"Me ka gaya mata?"

"Zan yi miki bayani. Ki rufa mini asiri."

A kujerar da ke gefen Mama akwai wata baƙuwar da ba a gaya mini za ta zo ba. 'Yar aminiyar Mama ce, wadda aka daɗe ana yi wa Mai Sanyi tallarta. A tagar ba da magani take aiki a asibitin da nake zuwa, shi ya sa nake ce mata Mai Taga. Ta ɗora ƙafa kan ƙafa tana juya lemo a kofi.

"Ci mana," in ji ta da murya kamar zuma. "Ko har yanzu akwai abin da aka hana?"

Har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Na ci! Na dubi idanunsa da suka yi rau-rau, na dubi farin cikin tsohuwa, na sa cokali na ci. Ɗaya, biyu, biyar... Mama na ƙara mini, ina haɗiyewa da ruwa.

Sai da farantin ya yi rabi Mai Taga ta ajiye kofinta.

"Ikon Allah! Ni fa abin ya ɗaure mini kai, Mama. In ta warke, allurar da ta karɓa a hannuna shekaranjiya ta mece ce? Guda biyu, ta wata ɗaya cur. Har da takardar ganin likitan tiyata."



Fara'ar Mama ta zube. Ta dube ni tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa.

"Gaskiya ne?"

"Mama, ni ban taɓa..."

"Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne. Ina kan magani."

"Innalillahi! Ashe yaudarar yaron nan kika yi? Kika ce masa kin warke don a ɗaura aure, sai an shiga ɗaki ya tarar da gadon asibiti? Kika zauna a falona kina cin abincina kina yi mini dariya a ciki?"

Na juya gare shi. Kalma uku kawai nake jira: ni na faɗa.

Ya buɗe baki.

Ya rufe.

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur ɗinsa.

Wallahi murɗar da cikina ya fara a lokacin ba ta kai zafin shirun nan ba. Na ɗauki jakata, na ce, "Na gode da abinci, Mama," na fita. Har na kai ƙofa ban ji takun kowa a bayana ba.

Kafin la'asar na fara amai. Kafin rana ta faɗi Ummata ta kai ni asibiti a naɗe kamar tabarma. Hanjin ya toshe.

*

Kwana tara na yi da roba a hanci da ƙarin ruwa a hannu, ba ci ba sha. Wanda aka kwantar haka ba shi da aiki sai tunani, ni kuwa tunanina duk haushi ne.

Ina shekara goma sha tara ciwon ya fara. Shekara biyu ana wasa da ni kamar ƙwallo. Wannan ya ce taifot, wancan ya ce gyambon ciki. Wata gwaggona ta ce aljanu ne, wata ta ce son jiki ne, in aka yi mini aure zan miƙe. Ina zagawa sau goma sha biyu a yini, wani lokaci da jini, ina ramewa har siket na zamewa, amma maƙwabta cewa suke yayin 'yanmatan zamani nake yi. Ranar da aka sa kyamara aka leƙa hanjina, likita ya faɗi sunan ciwon, kuka na yi na murna. Ashe dai ba ƙarya nake ba!

Daga nan na koyi zama da shi. Jakata ba ta rabuwa da kayan canji, tsumman goge jiki da ƙaramin turare. Duk titin da zan bi na san inda bayan gida yake, na san wanda ke da ruwa, na san shagon da mai shi ba ya tambayar dalili. Ina rubuta abin da na ci da yadda ya yi mini. Duk sati biyu in tsira wa kaina allura a cinya, allurar da dole ta zauna cikin firji.

Ta nan ma muka haɗu da Mai Sanyi. Firjinmu ya mutu da tsakar rana, allurai biyu a ciki, na kira lambar da na gani a jikin wani shago ina ta faɗa kamar shi ya kashe shi.

"Malama, nama ne zai lalace?"

"Rayuwata ce za ta lalace!"

Cikin minti ashirin ya iso da kula cike da ƙanƙara. Sai da ya jera alluran a ciki sannan ya buɗe akwatin aikinsa. Yana kwance a ƙasa, kansa a bayan firji, ya tambaye ni wane irin ciwo ne, ni kuma don in kore shi na zayyana masa komai, har da gudawar. Ya leƙo da baƙin mai a goshi ya ce, "To, sai in riƙa zuwa duba firjin nan duk sati, kar a samu matsala."

Firjin da ba abin da ke damunsa sai da aka duba shi wata goma sha huɗu.

Ya san komai. Ya taɓa tsayar da babur sau uku a tafiyar da ba ta kai rabin awa ba, bai ɗaure fuska ba. Da Mama ta ji ciwon ba ya warkewa ta ce ba da ɗanta ba, ya ce in bar masa. Ranar da ya zo yana tsalle wai ya shawo kanta, ban tambaye shi da wace igiya ba. Laifina ke nan.

A kwana na huɗu na ji muryarsa a bakin ɗaki, Umma ta tare ƙofa.

"Ka zo ka ƙarasa ta ne?"

"Umma, don girman Allah..."

"Bar shi ya shigo," na ce. "Ina so in ji da bakinsa."

Ya shigo ya tsaya a ƙarshen gado. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. Da ya ga robar hancina sai idonsa ya ciko, ni kuwa ko a jikina.

"Sanyin idona..."

"Kar ka ƙara kira na haka. Me ka gaya mata?"

"Cewa na yi an sallame ki. Na ga wata takwas lafiyarki ƙalau, kin yi ƙiba, kina zuwa aiki... Na ce ai ba ƙarya ba ce sosai."

"Sauƙi daban, warkewa daban. Sau nawa na gaya maka?"

"Na sani. Tunanina in an ɗaura, ko ya tashi sai mu ce dawowa ya yi. Lokacin ba wanda zai raba mu."

"Mu ce? Da kai da wa?"

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"Wato ka tsara mini rayuwa tsaf! In ɓoye allurata a bayan kwalbar lemo. In je asibiti a sace kamar mai zuwa wurin boka. Duk ranar da mahaifiyarka ta zubo abinci in ci in yi murmushi, in dawo nan a sa mini roba. Haka ne?"

"Wallahi don ina son ki na yi!"

"Wa kake so? Ni, ko wata mai kamata da ba ta da ciwo?"

"Ke!"

"To me ya sa da aka kira ni mayaudariya ka tsaya wasa da makulli?"

Nan ya durƙusa ya kama ƙarfen gadon.

"Tsoro na ji. Ban taɓa yi wa Mama ƙarya ba sai wannan karon, na rasa ta inda zan fara..."

"Sai ka bar ni na ɗauka. Ciwon bai ishe ni ba, sai ka ɗora mini ƙaryarka a kai."

"Na gaya mata jiya. Na rantse na gaya mata komai!"

"Jiya! Bayan kwana uku. Allah ya yi maka albarka, jarumi."

Na juya fuskata bango.

"Tashi ka tafi. Shekara biyu na yi ina rantsuwa kafin a yarda ba ni da lafiya. Ba zan auri wanda zai mayar da ni baya ba."

Sai da na ji ƙofa ta rufe na saki kukan. Umma ta zauna tana shafa mini ƙafa, ba ta ce komai ba, don ta san in ta ce in yi haƙuri da ita zan yi faɗan.

*

Sati uku bayan an sallame ni na koma aiki. A shagon hoto nake, ni ce mai gyara hotuna a kwamfuta. In goge ƙurji, in rage tumbi, in haska wanda rana ta dafa. Teburina na can ƙurya dab da ƙofar bayan gida, don tun ranar da na fara na gaya wa maigidan shagon gaskiya, ya ja teburin da hannunsa ya kai can.

Abu na farko da na yi shi ne rubuta takardar ƙorafi zuwa asibiti a kan Mai Taga. Sirrin mara lafiya ba gyaɗar talla ba ce. Umma ta ce in bar ta da Allah, na ce na bar ta da Allah, na kuma haɗa ta da shugabanta. Aka ɗauke Mai Taga daga taga aka mayar da ita ɗakin ajiya tana ƙirga kwalaye. Ba ta daddara ba. Sai ta bi dangin Mai Sanyi gida-gida tana cewa ciwona ana ɗauka a kofi, wai kuma irinmu ba ma haihuwa. Ga ta da takardar aikin asibiti, wa zai musa mata?

Shi kuwa kullum sai ya turo saƙo. Ban buɗe ko ɗaya ba. Amma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar shago sai zuciyar banzan nan ta buga, in ja tsaki in ci gaba da goge ƙurajen mutane.

Wata ranar Laraba da hantsi ina gyara hoton wasu 'yan makaranta, na ji an yi sallama. Mama ce, ita kaɗai. Ba kujera a kusa sai 'yar doguwar nan da ake zama a kai a ɗauki hoton fasfo, gaban farin labule. A kai ta zauna, jakarta a cinya.

Na durƙusa na gaishe ta. Haushi ba ya hana tarbiyya.

"Tashi, 'yar nan. Haƙuri na zo ba ki. Na kira ki da sunan da ba naki ba, na kuma ɗura miki abin da ya kusa kashe ki. Ƙaryar ɗana ce, ba taki ba."

"Ya wuce, Mama."

"Amma kar ki ɗauka na zo ne in ce na yarda."

"Ni ma ban ce ina nema ba."

Ta ɗan harare ni.

"Bakinki dai lafiyarsa ƙalau."

"Shi kaɗai ciwon ya bar mini."

Ta so ta yi dariya, ta danne. Sannan ta ce,

"Ya taɓa gaya miki yadda ubansa ya rasu?"

"Ya ce ya yi jinya."

"Shekara goma sha ɗaya! Yana ɗan shekara shida aka kwantar da uban, yana sha bakwai aka fitar da shi. Ni na ɗaga, ni na juya, ni na wanke. Na san warin ɗakin mara lafiya, na san yadda dangi ke zuwa sati biyu na farko sannan ƙafa ta ɗauke. Ina kallon yaron nan yana wanke zanin gado lokacin da sa'o'insa ke ƙwallo. Na yi alkawari ba zai maimaita ba. Kin ga laifina?"

Na so in ga laifinta. Na nema, ban samu ba, abin ya ƙara ba ni haushi.

"Mama, in tambaye ki?"

"Tambayi."

"Kin yi da-na-sanin aurensa?"

Na zaci za ta ce ko kusa, irin amsar da ake ba yara. Sai ta ce,

"Wasu ranakun na yi. Ƙarya ne in ce ban yi ba. Akwai ranar da na shiga bayan gida na toshe baki na yi ihu, na wanke fuska na fito na ba shi magani." Ta gyara mayafi. "Amma da za a dawo mini da shi yau a kan gadon nan, da gudu zan karɓa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Ni ba a kwance nake ba, Mama. Ina aiki, ina tsira allurata da kaina, wata da watanni ba za ki san ina da komai ba. Ba a ɗaukarsa a kofi, masu shi da yawa sun haihu. Amma ba zan yi miki ado ba. Zai tashi. Akwai ranar da zan ɓata zani, akwai ranar da zan yi masa tsawa ba laifinsa. Wata mai zuwa za a yanke inda ya tsuke, likita ya ce wataƙila a maƙala mini jakar tara bayan gida a jikin cikina na ɗan lokaci. Wannan ce ni. Wanda zai ɗauka ya ɗauka da idonsa a buɗe, wanda ba zai iya ba ga hanya."

"Shi ya ji wannan?"

"Ya ji rabi. Rabin da ya yi masa daɗi."

Ta miƙe, gwiwarta na ƙara.

"Tun ranar bai ci abincin kirki ba. Jiya an dawo da firjin mutane, wai ya gyara ya koma dafa ruwa." Ta kai ƙofa ta juyo. "Kin ce ba kya nema. Amma tun da na zauna babur uku suka wuce, duk ukun sai da kika leƙa."

*

Ranar ganin likitan tiyata na tura masa saƙo ɗaya: ƙarfe goma, ɗaki na bakwai, in kana da zuciya.

Tara da rabi na same shi a kan benci.

"Rabin r..."

"Ba hira na kira ka ba. Ka shiga ka ji, kar ka ce uffan."

Na roƙi likita ya faɗi komai, kar ya rage. Ya zana hanji a takarda, ya nuna inda za a yanke. Ya ce ko an yanke ciwon na iya fitowa a wani wurin. Ya ciro jakar roba daga aljihun tebur ya ajiye a gabanmu, ya nuna inda take mannewa a fata da yadda ake zubar da abin da ta tara.

Ina kallon Mai Sanyi ta wutsiyar ido. Gumi ya keto masa. Na ce a raina, yanzu zai nemi fanka.

Sai ya miƙa hannu ya ɗauki jakar. Ya juya ta, ya duba bakinta, ya gwada murfin sau biyu kamar yadda yake gwada robar ƙofar firji.

"Likita, in ta fara yoyo ta gefen nan, me ake yi?"

Na ce kar ya yi magana, amma wannan na yafe.

Da muka fito ya tsaya a baranda.

"Na ji tsoro a ciki," ya ce. "Ba zan ɓoye miki ba."

"Ni ma."

"Ki ba ni dama ɗaya. Ba don na cancanta ba."

"A gaban mutane ka bar ni, Mai Sanyi. Ba a baranda za ka ɗauke ni ba."

*

Ranar Asabar da rana suka zo gidanmu, shi da Mama da Kawunsa, yayan marigayi babansa, wanda maganarsa ce yanke a danginsu. Babana ya karɓe su a falo. Aka ce in zauna a ɗaki, na ce maganar hanjina za a yi, ba za a yi ta a bayana ba. Na zauna a ƙasa gefen Umma.

Kawu ya yi gyaran murya ya jero bayani mai daɗi. Abin da ya wuce ya wuce, yaro ya yi kuskure, yarinya 'yar mutunci ce. Ya ce har gida wata ma'aikaciyar asibiti ta same shi da wasu maganganu, amma shi ba ya aiki da jita-jita.

"Shawarata ita ce a dakata. A yi aikin, a ci gaba da addu'a. In Allah ya ba ta lafiya ta warke sarai, sai a sa rana. Ai ba gaggawa."

"Haka ne," in ji Baba.

"Allah ya kawo sauƙi," in ji Umma.

Kowa ya ce amin. An samu hanyar da za a kashe maganar ba tare da an ɓata wa kowa ba. A jira ta warke! Jinina ya tafasa, na buɗe baki, Umma ta danne mini gwiwa.

"Kawu, a gafarce ni."

Mai Sanyi ne. Ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Ba za ta warke ba."

"Subhanallahi! Wane irin baki ne wannan?"

"Ba baki ba ne, Kawu. Allah mai iko ne, amma abin da likitoci suka sani ke nan, kuma na san shi tun ranar da na fara ganinta. Ba ta taɓa ɓoye mini ba. Ni na yi wa Mama ƙarya, ni na sa ta ci abin da ya kwantar da ita, da aka zage ta kuma na yi shiru don ni matsoraci ne. Ciwon zai kwanta, zai tashi, har ƙarshen rayuwa. Na gani, na ji, na riƙe jakar da hannuna. In an ce sai ta warke, to an ce kar a yi ke nan. Ni kuwa a haka nake son ta, in har za ta karɓe ni."

Hawaye suka zubo mini, na share da haushi, don ban shirya yin kuka a gaban Kawun kowa ba.

Kawu ya juya ga Mama.

"Kin ji ɗanki. Ke kin fi kowa sanin abin da yake shirin ɗauka. Ki yi masa magana."

 Mama ta ɗago, ba ɗanta ta duba ba, ni ta duba.

"'Yar nan, kina son sa?"

"Ina jin haushinsa, Mama."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"...Ina son sa."

"Yaushe ne aikin?"

"Saura kwana goma sha biyu."

Ta juya ga Kawu.

"Yaya, lokacin da ƙaninka ya kwanta, sati biyu kuka yi kuna zuwa. Ban taɓa faɗa ba sai yau. Ban so wa ɗana wannan hanya ba, har yanzu ban so ba. Amma na ga wadda ta gwammace ta rasa shi da ta yi mini ƙarya. In jiran warkewarta za ku yi, duk sai mun mutu ba a yi ba."

Ta gyara zama.

"A ɗaura kafin aikin. In ta farfaɗo ta buɗe ido, mijinta nake so ta gani a bakin gado, ba mai gyaran firji ba. In ya gaji ya fita shan iska, ni zan zauna. Na iya."